Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Sarakunan Jihar Filato kan kuɗin cefane da ke ƙarewa a mashaya

Zuwa ga Mai Martaba Gbong Gwom Jos, Da Jacob Gyang Buba, shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Filato, da sauran iyayen ƙasa da ke zaune a wannan majalisa, da hakimai da dagatai da masu unguwannin da ke ƙarƙashinku.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya ga iyayenta, ƙara na kawo gabanku. Ba ƙarar mutum ɗaya ba ce, kuma ba ta gidana kaɗai ba ce. Ni 'yar kasuwa ce, hatsi nake aunarwa: masara, dawa, acca, wake, wani lokaci da 'yar shinkafa. Mai irin sana'ata tana sanin sirrin gidaje ko da ba ta taɓa leƙa su ba, domin mudu ba ya ɓoye halin da tukunya take ciki. Matar da a da take auna mudu uku ranar kasuwa, ka ga ta koma ɗaya, daga nan rabi, daga nan sai ta tsaya gefe ta jira mutane su ragu kafin ta ce, "Mama, rubuta mini, in an yi albashi zan kawo." Tsadar rayuwa tana da nata kason a wannan, ba wanda zai musa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Amma akwai gidajen da na san maigidan yana aiki, yana samu daidai gwargwado, kuma duk da haka sunan matarsa ba ya fita daga littafin bashina. In na matsa da tambaya, amsar ɗaya ce: "Kin dai san halinsa."

Halin nan shi nake so mu yi maganarsa, kuma ta fuskar kuɗi. Ta fuskar zunubi fastoci da limamai sun faɗa har muryarsu ta dushe. Lissafin ne ba a cika yi ba.

A ce mutum yana shan giyar leda, ƙananan nan da ake ratayewa jere a tireda. A ce kowace ɗaya naira 150. Ya tsotsi ɗaya da sassafe wai don sanyin Jos, ɗaya kafin ya hau aiki, ɗaya da rana wai maganin ciwon baya, biyu da yamma da abokai. Biyar ke nan, naira 750. Shi a wurinsa bai kashe komai ba, canji ne ya fita. Amma a wata ya kama naira 22,500, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wannan fa mai tsantseni ke nan, wanda bai saya wa kowa ba, bai haɗa da naman kare ko farfesu ko taba ba, kuma ba a yi biki ko rasuwa a watan ba. Da a dunƙule za a ce ya zaro dubu ashirin da biyu ya miƙa wa mai tireda, da ya yi tsalle ya ce ba shi ba. A gutsure ake karɓa, shi ya sa ba ya ji. Matarsa ce take ji, ranar da aka koro yaro daga makaranta, ko ranar da mai gidan haya ya buga ƙofa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta taɓa fitar da cewa 'yan Najeriya sun kashe kimanin naira biliyan 208 a kan giya a shekarar 2016, kuma kason karkara ya fi na birni. Wannan tun naira tana da daraja ke nan. Hukumar dai ta nuna cewa a 2019 kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidaje suke kashewa a kan abinci yake tafiya. Gidan da fiye da rabin samunsa na ciki ne, ba shi da wani aljihu na daban da za a ciri kuɗin sha daga ciki. Daga tukunya ake cira.

Na san za a ce ai Abuja ta riga ta ɗauki mataki. Haka ne. Tun a watan Disamban 2018 Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, da masu kamfanonin giya suka ƙulla yarjejeniya cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika ƙarshen Janairun 2024, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce an fara aiwatarwa. Sai ga zanga-zangar ma'aikatan kamfanoni, ga 'yan majalisa suna cewa a dakata, aka ɗaga zuwa ƙarshen 2025. A watan Nuwamban 2025 Majalisar Dattawa ta ce kada a sake ƙara wa'adi. Ina goyon bayan hanin, kuma hujjar da suka kafa gaskiya ce: abin yana da arha, yana shiga aljihun wandon makaranta, ƙarfinsa kuma ya kai kashi 30 zuwa sama da 40 cikin ɗari, alhali giyar kwalba da wuya ta wuce 8. Sai dai, ranku ya daɗe, ko da an kwashe leda ta ƙarshe daga tiredar ƙarshe, mu a Filato ba mu tsira ba, domin muna da abin da ya fi leda arha, ya fi ta ƙarfi, kuma ba shi da kamfanin da za a rufe. Goskolo nake nufi, barasar nan mai zafi da ake haɗawa a ɓoye.

Goskolo ba ta da lamba, ba ta da adireshi. A jarka take zuwa, a bayan ɗaki ake sirka ta, a robar ruwa da aka yar ake ɗura ta, kuma mai sha bai san abin da aka zuba a ciki ba. Wani lokaci mai sayarwar ma ba ta sani ba. Mun ji abin da ya faru a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015, inda aƙalla mutum 18 suka mutu, wasu suka makance, aka gano gubar methanol ce a cikin ogogoro, barasar gargajiya ta kudu. A shekarar dai gommai suka mutu a Jihar Ribas a kan abu iri ɗaya. Namu ba ya kwasar mutane rana ɗaya a ji a rediyo. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, kumatu sun kumbura, leɓe ya yi ja kamar an ɗaye, hannu na rawa ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya kurɓa tukuna. Daga baya ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta kumbura, ciki ya tashi. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Hantar da take fama da wannan, a kuma dinga zuba mata goskolo safe da yamma, ina za ta kai?

A nan ne asarar ta biyu take shigowa, wadda ta fi ta farko. Kuɗin da ya shanye ya tafi. Yanzu kuma sai a sayar da akuya a kai shi asibiti, a karɓi adashin uwarsa tun kwasarta ba ta zo ba, a jinginar da fili. A zuƙe ruwan cikin, a dawo gida, bayan sati uku ya sake taruwa. In rai ya yi halinsa, a kuma ci bashin jana'iza.

To, sai burkutu. A nan ina roƙon ku bambance, domin na sha jin masu wa'azi suna haɗa su duka a kwando ɗaya, kuma ina ganin wannan ne ya sa maganarsu ba ta shiga kunnen mutanen ƙauye. Burkutu ba jiya ta zo ba. Da ita kakanninmu suka yi gayya, da ita aka nemi aure, da ita aka sasanta rigimar iyaka. Kuma ita kanta tana da takunkuminta. Sai an jiƙa dawa, an baza ta ta yi tsiro, an shanya, an niƙa, an dafa, an bari ta yi tsami, an sake dafawa, an tace, kusan mako guda ana abu ɗaya da itace da ruwa da hayaƙi. In ta nuna kuma ba ta ajiyuwa, kwana ɗaya biyu ta lalace. Saboda haka a da tana da rana, tana da lokaci, tana da wuri. Ana shan ta a fili, a ƙwarya, a gaban dattawa, bayan an tashi daga gona. Yaro bai isa ya zauna a wurin ba. Wanda ya sha ya yi tamɓele a gaban surukai, abin kunya ne da za a daɗe ana yi masa gori.

Yanzu fa? A garuruwa da yawa matan sun raba kwanaki, yau gidan wance, gobe gidan wance, mako ya zagayo ba ranar da babu. Ana buɗewa tun hantsi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sirki: mai sha ya karɓi ƙwaryarsa, ya zaro leda ko 'yar robar goskolo ya tsiyaya a ciki, wai burkutun ba ta kama shi. Wasu masu dafawar ma da kansu suke zubawa don kada ciniki ya koma maƙwabta. Abin da ake sha yau da sunan al'ada, kakanninmu ba za su gane shi ba.

Ba na kuma son a mai da masu burkutu abokan gaba. Abokan cinikina ne, a wurina suke sayen dawa, na san su ciki da waje. Yawancinsu gwauraye ne, ko matan da mazansu suka sakar musu gida. Da wannan tukunyar suka biya kuɗin makaranta, akwai wadda ta kai 'ya'ya har jami'a. Abin takaicin shi ne kuɗin da take ciyar da nata da shi, daga bakin 'ya'yan wata aka ciro. Su ma sun sani. Wata ta taɓa ce mini, ranar da matar wani ta zo ta tsaya a ƙofarta da goyo ba ta ce uffan ba, ta dai kalli mijin ta juya, ita mai burkutun ba ta iya cin tuwo ba a daren. Irin waɗannan matan in an kira su an zauna da su, za a samu haɗin kai fiye da yadda ake zato. In kuwa aka aika matasa su fasa musu tukwane, to an kashe mai sauƙin an bar wa goskolo fili, don ita ba ta da tukunya ko hayaƙin da zai tona ta.

Abin da na fi sani shi ne hatsi, don haka ku ba ni dama in daɗe a kansa kaɗan. Da kaka, in kun je kasuwar Mangu ranar Juma'a, ko kowace kasuwar ƙauye, za ku ga maza suna shigowa da rabin buhu a bayan babur, da ƙullin masara a leda, suna sayarwa a farashin da ya fi kowane faɗuwa a shekara. Wasu buƙata ce ta gaske ta kawo su, kuɗin makaranta ko bashin taki. Wasu kuwa ko fita kasuwar ba sa yi da kuɗin. Akwai ma inda ba a bi ta kasuwa: mudun dawa kaza, ƙwarya kaza, a ba da a karɓa. Mace ta yi shuka da shi, ta yi noma da shi, ta yi girbi da goyo a baya, amma mabuɗin rumbu yana hannunsa. Ba ta sanin an taɓa sai ranar da ta leƙa ta hango ƙasa. Sai watan Yuli da Agusta, lokacin da sabo bai nuna ba tsoho ya ƙare, ita wannan matar ta zo gabana ta sayi hatsin da ya fita daga rumbunta a kan ninkin kuɗin da aka sayar, wani lokaci fiye, kuma bashi. Farashin biyu duk a hannuna suke wucewa, shi ya sa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. Haka kuɗin dankali yake tafiya a wajen Bokkos, haka na samarin da suke shiga ramin kuza a wajen Barikin Ladi da Bukuru: a fito da rai a hannu, a sayar, a kwana uku ba a ga mutum a gida ba.

Bashin mashaya shi ma wani rami ne. Ma'aikaci yana da shafi a littafin mai giya, ana rubutawa tun daga ɗaya ga wata. Ranar da albashi ya shigo, ga mai POS nan kusa, kafin ya isa gida an zare na mai giya. Bashin hatsi yana iya jira, na makaranta yana iya jira, amma wannan ba ya kwana, domin in bai biya ba gobe ba wurin zama.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce matsalar Kirista ce ko ta 'yan ƙauye. Leda ta sauƙaƙa wa mai ɓoyewa. Wanda ba zai taɓa yarda a gan shi a ƙofar gidan burkutu ba, yana iya saye a tasha, ya juya baya ya tsotse, ya jefa cingam a baki. Matan Musulmi ma suna cikin littafina, kuma kukansu ya fi zafi, don ba su da inda za su faɗa ba tare da sun tona asirin gida ba. Mata masu sha su ma suna ƙaruwa. Na kuma san akwai waɗanda baƙin ciki ne ya tura su. Bayan hare-haren Mangu a 2023 da na Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin shekarar, mutane da yawa sun rasa 'yan uwa da gonaki, suna zaune a gidajen dangi ba aikin yi. Mutumin da ba ya iya barci saboda abin da ya gani, ba tara ce maganinsa ba. Amma 'ya'yansa da suka tsira su ma sai sun ci.

Ba ina roƙon a kawo mana tsarin Kano ba ne, inda Hisbah take tara kwalabe a bi ta kansu da mota. Jiharmu daban ce, jama'arta gauraye ne, kuma hanin da aka yi da ƙarfi ba tare da yardar mutane ba ƙarƙashin gado yake tura abu. Abin da nake nema yana cikin ikon da kuke da shi tun fil azal, wanda NAFDAC ba ta da shi. Jami'inta yana zuwa sau ɗaya a shekara in ya zo. Mai unguwa kuwa ya san gidan da jarka take sauka, ya san mai babur ɗin da yake kawowa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku mayar wa sha lokacinsa. A yi doka a kowace gunduma cewa ba a buɗe gidan burkutu ko a sayar da barasa kafin la'asar, musamman da damina. Mutumin da ya yi aikin yini ya zauna da yamma, da wanda ya fara tun ƙarfe tara, ba asara ɗaya suke jawo wa gida ba. Sai kuma abin da na fi ba muhimmanci: a haramta karɓar hatsi, ko taki, ko kayan ɗaki, ko dabba a madadin kuɗin sha, a kuma sanar cewa bashin giya ba bashin da fada za ta saurara ba ne. Duk mai sayarwar da ta ba da bashi, ta san in an ƙi biya ba inda za ta kai ƙara. Ranar da wannan ya tabbata, littattafan nan za su rufe da kansu. Matar da ta ga ana ɗibar rumbu kuma a ba ta ƙofar zuwa wurin mai unguwa, a saurare ta, kada a ce mata "ki yi haƙuri, haka maza suke" a sallame ta ta koma ta sha duka a kan ta kai ƙara.

Aiken yara sayen giya a hana shi, a hukunta mai aiken da mai bayarwa. Yarinya 'yar shekara tara da roba a hannu tana layi a cikin mashaya, ba na jin akwai al'adar da ta yarda da wannan.

Goskolo kuwa ba ta da wani uzuri, ba gado ba ce, ba abinci ba ce. A nan ku haɗa hannu da hukuma a bi masu kawo jarkoki, ba tsohuwar da take sayar da kofi biyu ba kawai. An sha yin shela a kanta a jihar nan, a yi kame na mako biyu, ƙura ta lafa, a koma gidan jiya. Mutane suna lura da wanda ake kamawa da wanda ake gaisarwa. In ɗan sarki ko ƙanin mai unguwa yana cikin masu sayarwa, daga kansa za a fara, in ba haka ba kowa zai gane wasa ne.

Akwai kuma batun jana'iza da biki, wanda ku kanku kuna halarta kuna gani. Mutum ya yi jinya wata shida ba wanda ya kawo kuɗin allura, ranar binne shi sai ga kiret-kiret an jibge, ga durom na burkutu, ga samari sun kwana suna sha da sunan zaman makoki, gwauruwa kuma ta wayi gari da bashin da za ta shekara biyu tana biya. Iyalan ba don suna so suke yi ba, tsoron bakin mutane ne. In fada ta ƙayyade abin da za a fitar, kun ba talaka abin fakewa: zai ce ba rowa ba ce, doka ce. Da yawa jira suke a ba su wannan mafakar.

In za ku zauna a kan maganar nan, ina roƙon kada a yi ta a otal a Jos da manyan baƙi da jawabai. A yi ta a fadar kowane hakimi, kafin a fara girbi, tun hatsi yana gona. A kira shugabannin zumuntar mata da na ƙungiyoyin matan Musulmi, a kira shugabannin matasa da na 'yan tasha, a kira masu burkutun kansu su zauna a gaba, ba a bayan taro ba. Mu ma masu awo a kira mu, za mu zo da littattafanmu, mu rufe sunaye mu karanta muku adadin.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Taku 'yar,
wata mai sayar da hatsi, daga Bukuru.